Shahadar Yashi a Ƙasar Batsari da Safana

Duk wanda ya ratsa rafukan Batsari da Safana da rani, sa'ad da ruwa ya janye ya bar yashi shimfiɗe daga gaɓa zuwa gaɓa, idan ya damƙa ya murza zai ji kaushi, ya ga ƙwayoyi masu kaifi gauraye da tsakuwa. Dalili kuwa, duwatsun da suka haife shi, waɗanda ke tsaye daga Ruma har gefen dajin Rugu, ba su da nisa, ambaliyar damina kuma ba ta da haƙurin ware babba daga ƙarami. Yashin jigawa kuwa, irin wanda iska ta tara a zamanin da hamada ta matso kudu wajen shekara 20,000 da suka shige, laushi gare shi, ƙwayoyinsa mulmulallu kusan kai ɗaya, domin iska ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Ma'abota ilmin ƙasa ba su wadatu da hukuncin tafin hannu ba, sai suka kafa mizani. A 1922 wani malami Ba'amurke, Wentworth, ya ƙayyade cewa abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ne, daga nan zuwa kashi ɗaya cikin 16 na milimita yashi ne, abin da ya gaza haka kuwa laka ne da yumɓu. Akan shanya yashin a auna, a zuba a rariyoyi da aka ɗora bisa juna, mai manyan ƙofofi a sama, a girgiza kamar mai tankaɗe, sa'an nan a auna rabon kowace rariya. Wanda ya tsere wa rariyar ƙarshe sai a dama shi da ruwa cikin doguwar kwalba, a lura da jinkirin kwanciyarsa bisa ƙa'idar da wani malami, Stokes, ya bayyana a 1851. Folk da Ward, waɗanda suka yi bahasi kan kogin Brazos na Amurka a 1957, su suka tsara lissafin da ake fassara alƙaluman da shi.

Ni dai a ganina, babu mai buƙatar wannan ilmi kamar mai haƙar rijiya, wanda ya san yumɓu yakan riƙe ruwa ya hana, yashi mai kaushi kuwa ya riƙe ya bayar. Sai kuma masu kula da madatsun Zobe da Jibiya, inda duk lakar da zaizaya ta kwaso daga gonaki take kwantawa tana cin gurbin ruwa.