Kwalbar Hoto Wadda Aka Daina Ƙerawa

A ƙasashen Amurka da Japan da Ingila akwai wata 'yar sana'a wadda masu ita ba su da yawa, watau gyaran fuskar tsofaffin akwatunan wasa na jefa kuɗi. Irin akwatin nan ya kai tsayin mutum. Mai wasa yakan tsaya gabansa, ya jefa kuɗi a wata kafa, sa'an nan hoto ya motsa, shi kuwa ya riƙa sarrafa shi da hannu. Na farkon da ya yi suna shi ne Pong, na kamfanin Atari, a cikin 1972. Injiniyan da ya haɗa shi, Allan Alcorn, talabijin baƙi-da-fari ya sayo a kanti ya cusa ciki. Aka ajiye shi a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, ba a daɗe ba aka aiko wai ya lalace. Da aka buɗe, ashe kuɗi ne suka cika mazubinsu har suka toshe hanya. Bayansa aka yi Space Invaders a Japan cikin 1978, da Pac-Man cikin 1980. Yanzu duk sun zama kayan tarihi, masu sha'awa na nemansu ido rufe.

Kafin mu zo ga gyara, ya kamata malamai su san yadda fuskar ke aiki, gama darasi ne mai kyau ga yara. Ita dai kwalba ce ta gilashi wadda aka zuƙe iskar cikinta sarai, wani masani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, ya fara ƙera irinta a 1897. A wuyanta, can baya, akwai wani ɗan ƙarfe wanda in ya yi zafi yakan fesa ƙwayoyin lantarki zuwa gaba. Cikin fuskar an shafe shi da wani gari mai yin haske duk inda ƙwayoyin suka same shi. A gindin wuyan an naɗe wayar jan ƙarfe, ita ke zama maganaɗisu ta karkata feshin daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, layi wajen 15,700 a daƙiƙa ɗaya, har hoto ya cika sau 60. Ido bai iya bin wannan gudu, sai ya ga hoto a tsaye.

To, abin da ya shekara arba'in yana ɗaukar zafi a cikin akwati rufe, ai dole ya gaji. Mai gyara yakan fara da ƙananan tulunan nan da ake kira kafasita, domin ruwan cikinsu yakan bushe, hoto ya tsuke ko ya naɗe daga sama ko ya riƙa rawa. Da yake an san fuskokin da aka fi amfani da su, kamar G07 ta kamfanin Electrohome na Kanada, da na Wells-Gardner na Shikago, da Sanyo 20EZ wadda Nintendo ya sa a cikin Donkey Kong na 1981, sai 'yan kasuwa suka riƙa ƙulla kafasitocin kowace iri a ƙunshi guda, a canza su baki ɗaya. Daga nan ya bi dalmar da aka liƙe ƙafafun kaya da ita, gama zafi da sanyi sukan tsattsaga ta, wuta ta riƙa zuwa tana yankewa. Babban ciwo kuwa shi ne na taransifomar da masu gyara ke kira fulaibak, mai ɗaga wuta ta kai kimanin bolt 20,000. In jikinta ya tsage sai ta yi tartsatsi, sau da yawa ta tafi da babbar tiranzistar da ke tura ta.

A nan haɗarin yake, kuma muna jan kunnen duk malamin da ke da ɗalibi mai son buɗe-buɗe. Kwalbar takan riƙe wuta ko an kashe inji an zare waya. Saboda haka gwani bai taɓa ta sai ya ɗaura waya jikin sukuddireba, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen fuskar, ya zura bakin sukuddireban ƙarƙashin robar da ke manne a bayan kwalba har wutar ta sauka, hannunsa ɗaya kuwa na cikin aljihu don kada ta ratsa ƙirjinsa. Allah ya kiyaye.

Duk waɗannan ana samun sababbinsu. Abin da babu shi ne kwalbar kanta. Garin da ke fuskarta yakan ƙone in hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, shi ya sa za a ga zanen hanyoyin Pac-Man a kan tsohuwar fuska ko tana kashe, kuma ba shi goguwa. Ɗan ƙarfen wuya in ya raunana akwai na'urar da ke farfaɗo da shi, amma wannan jinkiri ne kawai, in an matsa ma a ƙarasa shi. Wuyan kuwa gilashinsa siriri ne, in ya tsage iska ta shiga, magana ta ƙare. Kamfanin Sony ya daina ƙera kwalabensa na Trinitron a 2008, sauran masana'antu ma suka bi suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ko gidajen da ke yanke wuya su dasa sabo sun tashi.

Mai karatu zai ce, me ya hana a sa fuska shafaffa ta zamani a huta? Waɗansu sun yi haka, mu kuwa ba mu ga sun kyauta ba. Masu zanen wasannin nan kwalba ce a gabansu sa'ad da suke zane, sun san yadda take narkar da ɗigo cikin ɗigo, a kan shafaffiyar fuska kuwa hoton yakan fito da kaifi kamar an yanka da almakashi. Bindigogin wasan harbi ma feshin nan mai gudu suke gani su gane inda aka auna, in babu shi sun makance. Asteroids na 1979 kuwa ba ya bin layi ko kaɗan, feshin ne ke zana siffofi kai tsaye kamar alƙalami, da wani haske wanda sai an gani.

Saboda haka masu gyara suka koma farautar tsofaffin talabijin masu ƙaton baya, musamman masu inci 19 da 25. In an sami wadda ƙafafun wuyanta suka dace, sai a cire kwalbarta, a zare naɗin jan ƙarfen tsohuwar a ɗora mata, a zauna gaban madubi ana juya ƙananan zobban maganaɗisu har ja da kore da shuɗi su haɗu wuri ɗaya. Aikin yini ne ga mai haƙuri.

Irin talabijin ɗin nan ne suka cika gidajenmu tun bayan da aka buɗe tashar Ibadan a 1959 da ta Kaduna a 1962, kuma yawancin waɗanda suka rage sun koma hannun 'yan gwangwan. Su jan ƙarfen wuyan suke so, sukan fasa kwalba su zare shi su bar gilashin a juji. Gilashin nan na baya kuwa da dalma aka gauraya shi don ya tare wani haske mai cutarwa, kuma dalma guba ce ga ƙananan yara.