Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin Sauya Ƙofar Shagon Kwantena

Duk wanda ya bi titin Dutsinma daga birnin Katsina zuwa Batagarawa zai ga yadda shagunan kwantena suka yawaita, musamman a kewayen manyan makarantu irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Wasu na sayar da kayan masarufi, wasu na harkar POS da buga takardu, wasu kuma an mayar da su ofis ko ɗakin kwana. Abin da ya fi saurin lalacewa a irin waɗannan ɗakuna shi ne ƙofa, kuma a nan masu su kan yi asara sau biyu: su sayi sabuwar ƙofa, bayan 'yan watanni ta koma cijewa kamar tsohuwar.

Dalili shi ne sau da yawa laifin ba na ƙofar ba ne. An ƙera kwantena ne ta zauna a kan kusurwoyinta huɗu. Idan aka ajiye ta a kan ƙasa kai tsaye, ruwan damina ya tausasa gefe guda, sai kusurwa ɗaya ta nutse, jikin ya ɗan murɗe. Murɗewar da ido ba zai gani ba ta isa ta hana sakata shiga raminta. Don haka matakin farko shi ne a ɗora ma'aunin magina a kan daɓen, a kuma auna bakin ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, sai a ɗaga kwantenar da jak, a zuba mata matashin kankare a kowace kusurwa. Ƙofofi da dama kan koma aiki daga nan ba tare da an sauya komai ba.

Idan kuwa tsatsa ta cinye ƙofar, ko ɓarayi sun lanƙwasa ta, to sai a kula da abin da za a saya. Ƙofofin ƙarfe na Sin da Turkiyya da ake sayarwa a kasuwa an yi su ne don ginin bulo. Firam ɗinsu na da rami a ciki wanda ake cikawa da siminti domin ya kama bango mai kaurin inci 6 ko 9. Bangon kwantena kuwa fallen ƙarfe ne da bai wuce kaurin milimita 2 ba, babu abin da irin wannan firam zai riƙe. A Amurka ma, inda miliyoyin mutane ke zaune a gidajen da ake harhaɗawa a masana'anta, ana ƙera wa irin gidajen ƙofofinsu daban, domin bangonsu bai kai na gini kauri ba, ƙofofin kuma sun fi gajarta.

Mafita ita ce mai walda ya fara haɗa firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙasa, ya tabbatar ya miƙe, sannan ya zana girmansa a jikin kwantenar ya yanka. Wannan firam ba don ƙofar kaɗai ake yin sa ba. Lanƙwasar da ke jikin bangon kwantena ita ce ƙarfinsa, tana taimakawa wajen ɗaukar rufin. Duk inda aka yanke ba a mayar da ƙarfe a gurbin ba, saman kan sauko a hankali ya danne ƙofar. Tsayin cikin kwantena ta yau da kullum bai kai ƙafa 8 ba, don haka ƙofa mai ƙafa 7 da faɗin ƙafa 3 za ta shiga, amma da ƙyar take barin wuri a sama. Kada a taɓa yanka doguwar ƙarfen da ke riƙe da bangon ta sama ko ta ƙasa.

Yanayin Katsina ma na da tasa buƙatar. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙarfe kuma na buɗewa idan ya sha rana. Ƙofar da aka ɗaura da sanyin safiya ba a bar mata 'yar tazara ba, za ta cije da azahar. A bar tazarar, a toshe ta da roba domin ƙurar hunturu. A shafa jan fenti mai hana tsatsa a duk inda wuta ta taɓa, a kuma yi ɗan baranda na kwano a saman ƙofar don kada ruwa ya riƙa gangarowa cikin hinji. Ga ƙofar katako, sai a nisanta ta da ƙasa saboda gara.

Akwai kuma batun rai. Daɓen kwantena katako ne, tartsatsin walda na iya kama shi, don haka a kwashe kaya, musamman fetur ɗin janareta, a ajiye ruwa ko yashi kusa. Sannan ƙofofin asali na kwantena daga waje kawai ake buɗe su, domin kaya aka yi su dominsu. Wanda ke kwana a ciki, ko yake da yaron shago da ke kwana, lalle ne ya sa ƙofar da ake buɗewa daga ciki ba tare da neman makulli ba. Dokar Amurka ta 1976 kan gidajen masana'anta ta wajabta ƙofofin fita biyu masu nisa da juna, saboda gobara. Kwado uku a waje na iya tsare dukiya, amma idan wuta ta tashi da dare, sakatar ciki ce za ta fitar da mutum.