Ko Ka Sani? Marfin Robar da Ke Tsare Motar-Gida Daga Zanzaro

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗakin kwana da madafa da banɗaki a cikinta, wadda iyali kan shiga su yi doguwar tafiyar shaƙatawa, duk inda dare ya riske su nan ne masauki. Ita ce za a kira motar-gida a nan, kuma mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Amurka daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suke fitowa. A jikin bangonta ta waje, daidai saitin murhun gas, akwai wata 'yar taga da faɗinta bai wuce taƙi ɗaya da 'yan kai ba, wadda fankar da ke saman murhu ke turo hayaƙi da tururin girki ta cikinta, kuma a bakin tagar an rataya wani siririn marfi na roba.

Marfin ba shi da inji kuma ba shi da waya. Yana lilo ne a kan wasu ƙananan kunnuwa biyu da ke kusurwoyinsa na sama, kamar asabari a bakin ƙofa, ta yadda idan aka kunna fanka iska za ta tura shi ya buɗe, idan aka kashe kuma nauyinsa ya mayar da shi. Sa'ad da motar ke gudu, iskar da ke gogar jikinta kan ɗaga shi ta sake shi ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa aka yi masa 'yan sakatu da ake danne shi da su kafin a kama hanya. Abin da ke kashe shi biyu ne: mantuwar sa sakata, da kuma wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke cin roba a hankali har ta koɗe ta yi gautsi. Kunnuwan nan ne kan fara karyewa, daga nan sai a wayi gari marfin ya faɗi a wani wuri a kan hanya.

Ruwan sama zai shiga, ƙura ma za ta shiga, amma baƙon da masu waɗannan motoci suka fi tsoro shi ne zanzaro. Wani irin da ya yawaita a Arewacin Amurka, mai baƙi da rawaya da siririn ƙugu, masana na kiransa Sceliphron caementarium, kuma danginsu ɗaya da wanda ke manna gidansa a kusurwar ɗaki a ƙasar Hausa. Macen ce kaɗai ke gini. Takan sauka a bakin kududdufi ta dunƙula laka da bakinta, ta ɗauko ta zuwa wurin da ruwa ba ya duka, ta shafa ta tana wani irin gunji, wanda ba kuka ba ne, karkarwar tsokokin fiffikenta ce da ke sa lakar ta kwanta yadda take so. Idan ɗaki ɗaya ya kammala sai ta shiga farautar gizo-gizo, kuma a nan ne hikimarta take, domin ba ta kashe shi, harbinsa take yi da dafin da zai shanye masa jiki ya bar shi da rai, don kada naman ya ruɓe kafin a bukace shi. Takan cusa su da yawa a ɗakin, ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe baki da laka, ta soma wani ɗakin a gefensa. Tsutsar da za ta ƙyanƙyashe za ta tarar da abinci sabo yana jiranta. Halittar da ke neman rami mai duhu, busasshe, wanda ba a taɓawa, da wuya ta sami abin da ya fi bututun hayaƙin motar da aka ajiye makonni ba marfi.

Mai raina wannan ƙwaro bai ji labarin jirgin Birgenair mai lamba 301 ba. A jikin manyan jiragen sama, kusa da hancinsu, akwai wasu ƙananan bututai da bakinsu ke fuskantar gaba, waɗanda ke auna ƙarfin iskar da ke dukansu, daga nan na'ura ta lissafa gudun jirgin. Ana kiransu da sunan injiniyan Faransa Henri Pitot, wanda ya ƙirƙiro dabarar a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen. A ranar 6 ga Fabrairun 1996, wani Boeing 757 na wannan kamfani na Turkiyya ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ɗauke da masu yawon buɗe ido, yawancinsu Jamusawa, bayan ya shafe kusan makonni uku a ajiye. Bututun da ke ciyar da agogon gudu na kyaftin a toshe yake, don haka da jirgin ya riƙa hawa sama sai agogon ya riƙa nuna gudun da ya zarce na gaskiya, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta ɗaga hancin jirgin don rage gudun da babu shi, har fiffike suka kasa riƙe shi ya faɗa tekun Atalantika 'yan mintoci bayan tashi. Mutum 189 ne suka rasu, ba wanda ya tsira, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa gidan zanzaro ne ya toshe bututun.

Filin jirgin saman Birisben da ke Ostareliya ya sha fama da wani ɗan'uwan zanzaron nan da ya shigo daga yankin Amurka ta Kudu da Karebiyan, wanda shi ba ya ma wahalar da kansa da ginin bango, ramin da ya tarar a shirye yake cikawa da tsutsotsi ya liƙe da laka. A 2013 wani Airbus A330 na kamfanin Etihad ya koma ya sauka bayan tashi saboda agogunan gudunsa sun saɓa wa juna, aka tarar da laka a bututunsa, alhali bai fi kimanin awa biyu a ƙasa ba. Daga baya masu bincike suka kafa bututan gwaji a sassan filin tsakanin 2016 da 2019, zanzaron ya toshe su sau 93. Maganin da aka tsaya a kai shi ne a riƙa sa wa bututan murafe da zarar jirgi ya tsaya, sai dai shi ma maganin yana da nasa tarko, domin a Yulin 2018 wani jirgin Malaysia Airlines ya tashi daga filin da murafen nan uku a jikinsa an manta ba a cire ba, ya yi ta kewaye ba tare da sanin gudunsa ba kafin ya sauka lafiya. Ƙaramin misalin wannan na faruwa a motar-gida duk lokacin da aka ɗora tukunya aka kunna fanka alhali sakatun marfin na danne: fankar za ta yi ta ƙara, hayaƙin kuwa ba inda za shi.

Gyaran kansa ba ya bukatar gwani. Idan marfin kaɗai ya lalace, akan sayi sabo a ɗan lanƙwasa shi a tsakiya har kunnuwansa su faɗa cikin ramukansu. Manna tsohon da gam ɓata lokaci ne, domin robar da rana ta riga ta ci za ta sake karyewa a gefen wurin da aka manna. Idan firam ɗin tagar ma ya tsage, sai a kwance sukurorin, a zare shi, a kankare tsohon danƙo da abin da ba zai karce fenti ba, sannan a auna zurfin wuyansa kafin a sayi wani, tunda kaurin bangon motocin ba ɗaya ba ne. A bayan sabon firam akan shimfiɗa zirin danƙon butil, wato robar da William Sparks da Robert Thomas suka samar a 1937, wadda da ita ake yin tif ɗin taya saboda iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Amfaninta a nan shi ne ba ta bushewa ta ƙage, don haka tana bin motsin motar ba tare da ta tsage ba. Ana ɗaure sukurorin da hannu har danƙon ya ɗan ɓullo ta gefe, a yanke abin da ya fito, kuma wanda ya matsa fiye da haka zai fasa sabon firam ɗin a ranar da ya sa shi.

Kafin a rufe, wajibi ne a haska tocila cikin bututun, domin gidan zanzaro idan ya bushe ba ya faɗuwa da kansa, sai an sa tsinke ko bakin sukundireba an ɓanɓare shi. Ƙarfin wannan gini ya kai ga masana tarihi suna dogaro da shi: a yankin Kimberley na yammacin Ostareliya, tsofaffin gidajen zanzaro da ke sama da ƙarƙashin fentin wani zanen kangaru a jikin dutse ne suka ba Damien Finch da abokan aikinsa na Jami'ar Melbourne damar tantance shekarunsa, suka sanar a 2021 cewa ya kai kimanin shekara 17,300, saboda lakar ta riƙe ɓurɓushin gawayin da ake iya aunawa.

Sauran kafofin motar, kamar na injin ɗumama ɗaki da na tukunyar ruwan zafi, ba a sa musu marfi tunda wuta na bukatar iska a kowane lokaci, sai dai a sa musu ragar waya mai manyan idanu. Idan laka ta riga ta shiga bututun gas ɗinsu, harshen wutar kan sauya daga shuɗi zuwa rawaya yana barin baƙin toka, kuma irin wannan ƙonewa da ba ta cika ba ita ke haifar da iskar kabon monoksayid, mai kisa ba tare da wari ko launi ba.