Gwajin Tsokar Furostet: Haɗurransa da Kulawar Bayansa

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari. Idan gwajin jini na PSA ya hau, ko likita ya taɓa ya ji tauri, akan tsakuro ƙananan sassanta da allura, yawanci 10 zuwa 12, don a duba ko akwai sankara. Allurar tana bi ta dubura, ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura. Hanya ta biyu ba ta cika jawo ƙwayoyin cuta ba. Mutanen Funtua da Malumfashi akan tura su manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma galibi a ranar suke komawa gida.

Ganin jini a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki ba abin tashin hankali ba ne. A maniyyi kuwa yakan ɗauki makonni. Mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ya sanar da likita tun kafin ranar gwajin.

Babban haɗarin shi ne ƙwayoyin cutar hanji su shiga jini, shi ya sa ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a fara. A yankin da duk zafin jiki sunansa maleriya, musamman da damina, nan ake yin kuskuren da ke kisa: dattijo ya fara rawar ɗari washegari, a aika yaro kemis ya sayo maganin maleriya, ciwon kuma yana ci a ɓoye. Zazzaɓi ko rawar ɗari a kwanakin farko na nufin asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, tare da gaya wa likita cewa an yi gwajin. Haka ma idan fitsari ya tsaya cak, wanda kan sa a saka roba, ko jini ya fito guda-guda.

A gida, a yawaita shan ruwa, a shanye maganin da aka rubuta. Huɗa, ɗaukar buhun masara da hawan babur a hanyoyin ƙauyukan Bakori ko Kafur su jira 'yan kwanaki, duk da cewa manomi ba ya son jin haka. Sakamako yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu.