Waƙar Wa Ce Wannan? Yadda Ake Tantance Sunan Tsohuwar Waƙa da Mai Ita

A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwan tsakiyar Katsina, tsofaffin waƙoƙi sun tashi daga faifan garmaho suka koma kaset, yanzu kuma suna cikin memori da WhatsApp. Ka je wurin mai tura waƙa a bakin tasha ka ce a cika maka waya da na da, za ka dawo da ɗaruruwa. Matsalar tana wurin sunayen. Wata an rubuta mata "Shata 14", wata "tsohuwar ajiya", wata kuma an liƙa mata sunan Shata alhali ko kusa ba muryarsa ba ce. Musawa, inda aka haifi Mamman Shata a 1923, ba ta da nisa da nan, don haka duk waƙar kalangun da ta rasa mai ita sai a jingina masa.

Tushen ruɗanin shi ne makaɗin baka ba ya raɗa wa waƙarsa suna. Marubutan waƙa irin su Aƙilu Aliyu sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da ramzin shekara, ta yadda takardar da kanta take ba da shaida. Makaɗi kuwa yana tsaye a filin biki ko ƙofar fada, ya ɗauko amshi, ya ɗora. Masu sauraro ne ke sa suna daga baya: wani ya kira ta da amshinta, wani da sunan wanda aka yi wa, ma'aikacin rediyo kuma ya rubuta abin da ya ga dama a bayan kwalin faifai. Haka waƙa ɗaya ke tashi da suna uku. Akwai kuma suna ɗaya a kan waƙa biyu: Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiya, Shata ma yana da tasa, kuma ba abin da ya haɗa su sai cewa kowane ya yi kirarin kansa a ciki.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka, masu bin diddigin kiɗan jaz da ragtaim na farkon ƙarni na 20 sun daɗe suna fama da shi, ga su kuwa da takardu. Inda aka buga kiɗa a rubuce abin yana da sauƙi: Scott Joplin ya fitar da "Maple Leaf Rag" a 1899 ta hannun mawallafi John Stark a garin Sedaliya, ba mai gardama. Kiɗan da ya taso a titunan Niyu Olins kuwa yawo yake yi daga ƙungiya zuwa ƙungiya kafin wani ya kai shi ofishin rajista. A 1917 ƙungiyar Original Dixieland Jazz Band ta naɗi "Tiger Rag" da sunanta, sai ga makaɗi Jelly Roll Morton a 1938 yana faɗa wa manazarci Alan Lomax a Laburaren Majalisar Dokoki cewa shi ya ƙera shi daga wani tsohon kiɗan rawa na Faransawa. A 1917 ɗin dai aka je kotu a Shikago kan "Livery Stable Blues", wanda aka yi wa rajista da wani suna daban, alƙali ya ƙi bai wa kowane ɓangare mallaka. Abin da masanansu suka koya shi ne sunan da ke kan faifai yana nuna wanda ya riga kai wa kamfani, ba lallai wanda ya ƙirƙira ba. Shi ya sa suke haɗa lambar da aka zana a jikin faifai da littafin ɗakin naɗi da takardar rajista, sannan su yanke hukunci.

Mu da ba mu da yawan irin waɗannan takardu, shaidarmu tana cikin waƙar, kuma kunne ne ke fara aiki. A saurari abin kiɗa. Shata ɗan kalangu ne, Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kotso, Ɗanmaraya Jos kuntigi, Haruna Uji gurmi, Barmani Coge ƙwarya. Wannan kaɗai yana kore rabin kurakuran da ke cikin memori. Sai harshe: Sakkwatancin Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba ya ɓuya, kuma ba ya kama da bakin Shata.

Tsarin amshi ya fi waɗannan zurfi, kuma a nan ne maganar "wa ya yi" take rikicewa. 'Yan amshin Shata amshi ɗaya suke maimaitawa, shi kuma yana zuba ɗiyan waƙa, wato baitocinta, yadda suka zo masa. A ƙungiyar makaɗan fada irin ta Ɗanƙwairo, jagora yakan fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari. Ke nan an zauna an tsara, kuma ba baki ɗaya ya gina waƙar ba. Ga gado: Ɗanƙwairo ya tashi a gidan kiɗa, ya yi amshi a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, bayan rasuwarsa a 1991 kuma 'ya'yansa suka ci gaba da rera waƙoƙinsa. Saboda haka tambaya biyu ce a kan kowane faifai, wanda ya tsara da wanda ya rera a wannan naɗin. Mai tura waƙa yakan haɗe su, manazarci kuwa dole ya raba.

Bayan an gane mai waƙa, sai lokaci. Makaɗi ba ya faɗin shekara, amma yana faɗin kyautar da aka yi masa da sarautar wanda ya yi. In ana lissafi da fam da sule, da alama kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo, ko da yake tsofaffi sun daɗe suna cewa fam bayan haka, don haka kada a tsaya a kan wannan kaɗai. In an ambaci gwamnan jihar Katsina, bayan 23 ga Satumba 1987 ne. In ana yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo fatan tsawon rai, bai wuce 1981 ba. Mutumin da aka kira da sunansa tsura a wani naɗi, aka kira shi da sarauta a wani, ya nuna maka wanne ya riga wanne. Wannan yana da amfani ƙwarai ga Shata, wanda yakan sake rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban, kowane karo da sababbin ɗiya. Neman "ta asali" a cikinsu wahalar banza ce a ganina. Abin yi shi ne a rubuta kowace da wurinta da lokacinta.

Daga nan sai a koma ga waɗanda suka riga mu yin aikin. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya bi waƙoƙin Shata ɗaya bayan ɗaya yana neman asalin kowace. Ɗakin ajiyar Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ma shaida ne. Maganar dattijo da ya ce a gabansa aka yi tana da daraja, amma a gwada ta da ta wani dattijon, don ƙwaƙwalwa takan haɗe biki biyu.

Shata ya rasu a Yunin 1999, mutanen da suka zauna a filin wasansa kuma kullum raguwa suke. Wanda ke da tsohon kaset a Kankiya ko Kusada, kafin ya juye shi a waya ya ɗauki hoton kwalinsa, ya tambayi mai shi inda ya samo, ya rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar a jikin fayil ɗin. Abin da bai tabbatar ba ya bar wurin fili, kada ya cika da sunan Shata.