Tiritiyom da ke maƙalewa a bango: inda gizo ke saƙar shi ne awo

Masu ƙera injinan haɗe ƙwayoyin zarra sun juya wa bangon kabon baya sun koma ƙarfe, kuma abin da ya faru a injin JET da ke Culham a Ingila na cikin manyan dalilai. A gwajin 1997, kusan kashi 40 cikin 100 na tiritiyom, wato makamashin injin, da aka zuba ya maƙale a ciki, bayan an sha share-share ma kusan kashi 17 ya ƙi fita. Filasma, wato iska mai tsananin zafi da ke cikin injin, ce ke kankare kabon daga bango, burbushin ya je ya kwanta a lungunan da zafi bai cika kaiwa ba, yana binne makamashin sahu bisa sahu. Tiritiyom kuwa ga tsada ga haɗarin nukiliya, shi ya sa injin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa aka ƙayyade masa kimanin giram 700 a cikin tukunyarsa.

Da aka sanya wa JET bangon beriliyom da tangistin a 2011, maƙalewar ta ragu kamar sau goma. Wasu za su ce shi ke nan, ƙarfe ya gama magana. Ban yarda ba. Niyutiron masu ƙarfi suna ɓata tsarin tangistin, su bar ƙananan gurabu da tiritiyom ke fakewa can ciki, kuma JET bai sha irin ruwan niyutiron da tashar lantarki za ta sha ba. Sannan ITER, da ya ajiye beriliyom ya koma tangistin zalla, zai riƙa shafa boron a bango, shi ma boron ɗin yana riƙe makamashi.

Saboda haka awo ne zai yanke hukunci. Ana iya lissafa iskar makamashin da aka zuba a cire wadda famfo ya zuƙo, amma wannan ba ya nuna inda ragowar ta ɓuya. Ana iya ciro tayil a gasa shi a ɗakin gwaji, a auna abin da ya fita. Sahihin awo ne, sai dai sakamakon kan zo bayan watanni, kuma sau da yawa adadinsa ya gaza na lissafin iska, domin bango na ci gaba da sakin makamashi bayan an kashe injin. A 2023 JET ya gwada harba hasken leza kan ɗigo guda na tayil ba tare da an ciro shi ba, yana auna iskar da ta tashi. Aikin da ya rage shi ne yadda awon ɗigo zai wakilci bangon ITER mai faɗin ɗaruruwan murabba'in mita.