Na'urar Awon Sukari Ta Damtse: Tana Faɗin Gaskiya?

A tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai, 'yan'uwa masu ciwon sukari sukan tambaye mu labarin wata 'yar na'ura da ake mannawa a jiki, galibi a bayan damtse. Girmanta kamar kwabo ne. Tana da ɗan siririn zare mai shiga ƙarƙashin fata, yana auna sukari dare da rana, mutum ya duba a wayarsa ba sai ya huda yatsa ba. Amurka ta fara yarda da irin wannan na'ura a 1999. FreeStyle Libre ta fito a Turai a 2014, tana kwana 14 a jiki. Dexcom G6 kuwa kwana 10.

To, tana faɗin gaskiya? Yawanci tana faɗi. Sababbin sukan saɓa da awon asibiti da wajen kashi 9 cikin 100. Amma a lura, ba jini take aunawa ba, ruwan da ke cikin nama ne, shi kuwa yana bin bayan jini da minti 5 zuwa 15.

Nan ne abin ya shafe mu manoma. Ga mai yin allurar insulin ya fita gona da sassafe bai karya kumallo ba, yana ta huɗa, sukarinsa yana sauka da sauri. Waya ta nuna 90, alhali jininsa ya riga ya gangara ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin. In ya ji makyarkyata da jiri da gumi mai sanyi, kada ya tsaya gardama da waya. Ya ajiye garma, ya dama sukari ƙaramin cokali 3 ko 4 a ruwa ya sha, sa'an nan ya huda yatsa ya gani.

Takan yi kuskure kuma a ranar da aka manna ta, da lokacin da mai barci ya danne ta, sai ta ce sukari ya faɗi alhali lafiya lau. Bitamin C mai yawa yana ɗaga awon Libre. Maganin haidiroksiyuriya, wanda ake ba masu sikila, yana ɗaga awon Dexcom, kuma wanda ya ƙara insulin bisa wannan awo yana iya suma. Gumin bazara ma yakan ɓamɓare ta.

Saboda haka wanda ya saya kada ya yar da tsohuwar na'urarsa ta yatsa. Ga tsada kuma, don kowane mako biyu sai an sayi sabuwa. Wanda ba ya allurar insulin, a ganinmu, ya fara zuwa wurin likita kafin ya kai akuyarsa kasuwa saboda ita.